YARON DA GAƁOƁINSA SUKA SHANYE ZAI GIRMA: ME MUKA TANADAR MASA?

 

'Yan'uwa masu karatu, a wannan mako muna so mu yi magana a kan wani yaro wanda kusan babu unguwar da ba a san irinsa ba. Shi ne yaron nan da aka haifa, aka yi suna, watanni suka shuɗe wuyansa bai tsaya ba. Sa'o'insa suka zauna, suka yi rarrafe, suka tashi, shi kuwa yana nan kwance, gaɓoɓinsa a sanƙare, ko kuwa suna motsi ba da nufinsa ba, miyau na zuba, magana kuma ba ta fita sosai. Tambayar da iyayensa suke yi dare da rana ita ce, yaushe zai warke? Mu kuwa tambayar da muke so mu ajiye a gabansu ita ce wadda ba a cika yi ba, watau in ya kai shekara talatin yaya rayuwarsa za ta kasance, kuma wa zai riƙe shi in ƙasa ta rufe idon uwa da uba? Domin a inda ake kula da irin waɗannan yara, mafi yawansu suna girma su zama manya, wasu har su tsufa. Wanda ya ƙarar da dukiyarsa da shekarunsa wajen neman warkewa kaɗai, bai yi tanadin girman yaron ba, ya bar babban aikin da ke kansa.

MECE CE WANNAN LALURA?

Likitoci suna kiranta seribiral falsi. Asalinta rauni ne da yake samun sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsin jiki, tun yaro yana ciki, ko wajen haihuwa, ko kuwa a farkon ƙuruciyarsa. Wasu mutane sukan ce mata galahanga, sai dai wannan kalma an jibga mata lalurori iri iri waɗanda ba su yi kama da juna ba. Kuma ba ita ce shan inna ba, domin shan inna ƙwayar cuta ce mai kama jijiyoyin laka, ta bar ƙafa a sake, a tsotse. Wani likitan Ingila, Wiliyam Litil, shi ne ya yi fice wajen bayyana siffofin lalurar, ya gabatar da bayaninsa a Landan a shekarar 1861, yana danganta ta da wahalar haihuwa.

A ƙasashe masu arziki ana samunta yanzu a tsakanin yaro 1 zuwa 2 cikin kowane 1,000 da aka haifa. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa adadin yakan kai 3 ko ya ɗan zarce. A asibitocin ƙasarmu abubuwan da aka fi ganin suna jawo ta su ne doguwar naƙuda wadda take sa jariri ya fito bai yi numfashi da wuri ba, da shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa, da cututtukan da suke taɓa ƙwaƙwalwa kamar sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga, sai kuma haihuwar bakwaini.

Akwai abu biyu da ya wajaba iyaye su riƙe. Na farko, raunin nan na ƙwaƙwalwa ba a san maganin da yake goge shi ba, saboda haka duk wanda ya karɓi kuɗinku da alkawarin yaro zai miƙe cikin kwana arba'in, ku yi hattara da shi. Na biyu, raunin ba ya ƙaruwa, inda ya tsaya nan ya tsaya. Abin da yake canzawa shi ne jikin da ke ɗauke da shi, kuma a nan ne kulawa take da tasiri ƙwarai.

Amma batun nan da ake yi cewa wai irin wannan yaro ɗan ruwa ne, aljanu suka musanya shi, har a kai shi bakin kogi a ajiye wai don ya koma wurin danginsa, wannan ƙarya ce tsagwaronta, ba ta da tushe a Littafi ko a Sunna. Ɗan Adam ne cikakke, jininsa haramun ne kamar na kowa, kuma wanda ya yar da shi ya mutu, ya sani rai ya kashe.

BA DUKA AKA TARU AKA ZAMA ƊAYA BA

Ba a iya yin magana a kan makomar waɗannan yara a dunƙule, domin tsakanin wani da wani akwai rata mai nisa. A shekarar 1997 waɗansu masana a ƙasar Kanada suka fito da ma'auni mai hawa biyar wanda likitoci suke amfani da shi har yau. Na hawa na ɗaya yana tafiya ko'ina, sai dai gudu da tsalle su ba shi wuya. Na biyu yana tafiya, amma nisa da matakala suna wahalar da shi. Na uku sai da sanda ko abin dogarawa. Na huɗu keken guragu ne ƙafarsa. Na biyar kuwa ko kansa ba ya iya riƙewa, sai an ɗauke shi an ajiye. Galibi yaro yakan zauna a hawan da aka same shi har girmansa. Likitoci kuma sun daɗe da lura cewa yaron da ya iya zama da kansa kafin ya cika shekara biyu, ana kyautata zaton zai yi tafiya, wanda kuwa ya wuce shekara huɗu bai zauna ba, da wuya ya yi tafiya da ƙafarsa.

A shekarar 2012 wata masaniya ta ƙasar Ostireliya, Ayona Nobak, da abokan aikinta suka tattara sakamakon bincike masu yawa. Suka sami cewa 1 cikin 3 na waɗannan yara ba ya tafiya, 1 cikin 4 ba ya magana, 1 cikin 4 yana da farfaɗiya, 1 cikin 10 makaho ne, rabinsu suna da raunin fahimta, 3 cikin 4 kuma suna fama da ciwo a jiki. To, mu juya lissafin nan mu dube shi ta ɗaya gefen. Ashe 2 cikin 3 suna tafiya, 3 cikin 4 suna magana, rabinsu kuwa fahimtarsu lafiya lau take. Nan ne babban zaluncin da muke yi ba mu sani ba. Muna ganin miyau na zuba, harshe ya karkace, hannu na rawa, sai mu yanke hukunci cewa babu hankali, mu riƙa maganarsa a gabansa kamar ba ya ji, alhali kuwa yana jin kome, yana gane kome, yana kuma ajiyewa a zuci.

TSAWON RAI

Ajali a hannun Allah yake, babu mai ja da wannan. Amma Allah Ya sanya wa kowane abu sababi, kuma sanin sababi ba ya karo da tawakkali. A Yammacin Ostireliya akwai rajista ta masu wannan lalura wadda ta haɗa waɗanda aka haifa tun daga 1956. Abin da ta nuna shi ne, masu lalura mai sauƙi tsawon ransu ya yi kusa da na sauran jama'a, masu tsanani kuwa ransu ya fi gajarta, kuma abin da ya fi ɗaukarsu shi ne ciwon huhu da matsalar numfashi. Bincike na shekaru masu yawa a jihar Kalifoniya ta Amurka ya nuna cewa abu biyu ne suka fi nuna inda aka dosa: iya motsa jiki, da iya cin abinci da kansa.

To, yaya abin yake a nahiyarmu? A gabashin ƙasar Yuganda, a yankin Iganga da Mayuge, an bi diddigin yara 97 masu wannan lalura daga 2015 zuwa 2019. A cikin wannan ɗan lokaci 15 suka rasu, watau mutuwa a cikinsu ta ninka ta sauran yaran yankin wajen sau 25. Kuma abin da ya fi kashe su shi ne ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro da makamantansu, waɗanda suka fi rama kuwa su suka fi shiga haɗari. Ku duba da kyau, jama'a. Duk waɗannan abubuwa ne masu magani, masu rigakafi.

Saboda haka abin da yake tsawaita ran yaron nan, da izinin Allah, ba wani abu ne mai tsada ba. A zaunar da shi a miƙe lokacin cin abinci, kansa ya ɗan sunkuyo gaba, kada a ba shi yana kwance rigingine. A ba shi kaɗan kaɗan da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye. Kunu mai kauri ya fi masa aminci a kan mai ruwa ruwa, domin mai ruwa shi ya fi saurin bin hanyar iska ya faɗa huhu. A bar yi masa ɗura ko kaɗan. A sa shi cikin gidan sauro, a cika masa allurar rigakafi, in yana da farfaɗiya a dawwama a kan maganin asibiti ba tare da tsallake ba, in kuma zazzaɓi ya kama shi a gaggauta kai shi kamar yadda za a gaggauta da ɗan'uwansa mai gudu a tsakar gida.

IDAN YA GIRMA

Mun ce raunin ƙwaƙwalwa ba ya ƙaruwa, amma jiki yana canzawa. Naman da yake a sanƙare kullum ba ya miƙewa daidai da tsawon ƙashi, sai gaɓa ta lanƙwashe ta maƙale, ƙashin ƙugu ya riƙa zamewa daga gurbinsa a hankali, ƙashin baya ya karkace. Wannan shi ne tushen yawancin ciwon da suke fama da shi a girmansu. A kudancin ƙasar Suwidin, tun daga 1994, aka shiga duba ƙugun kowane yaro mai wannan lalura a kai a kai, ana ɗaukar hoto, ana gyara tun abin bai yi nisa ba. Gocewar ƙugu, wadda a da take samun 8 cikin 100, ta sauko ƙasa da 1 cikin 100. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Manyan asibitocinmu, irin su Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, suna da sashen gashi da motsa gaɓoɓi, inda ake koya wa uwa yadda za ta riƙa miƙar da gaɓoɓin ɗanta a gida, da yadda za ta zaunar da shi, ta tsayar da shi. Wannan aiki ne na kullum kamar wanka, ba na wata uku a daina ba.

Har ila yau, an gano cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu, ko fiye, na manyan da suke tafiya, tafiyarsu takan ja baya tun ba su tsufa ba, wasu tun suna cikin shekarun talatin, saboda ciwon gaɓoɓi da gajiya, domin taku ɗaya a wurinsu ya fi cin ƙarfi nesa ba kusa ba. In ɗan'uwanku ya kai wannan matsayi ya nemi sanda ko keke, kada a ce masa ragwanci ne. Bincike a Amurka a 2015 ya nuna cewa hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya sun fi yawa a cikin manyansu fiye da sauran mutane, wani kuma a Ingila a 2019 ya nuna sun fi faɗawa cikin ƙuncin rai da fargaba. Saboda haka babba mai wannan lalura yana bukatar a riƙa auna jininsa, a fita da shi ya sha iska, a zauna a yi hira da shi. Sau da yawa kaɗaici ya fi shanyewar gaɓa ciwo.

KARATU DA SANA'A DA IYALI

A ƙasar Denmak an bi sawun mutum 819 masu wannan lalura waɗanda aka haifa tsakanin 1965 da 1978. Aka tarar 33 cikin 100 ne suka yi karatu gaba da matakin dole, alhali a sauran sa'o'insu 77 ne. Masu aikin yi 29 cikin 100 ne, a sa'o'insu kuwa 82. A cikin waɗanda suka kai shekara talatin ko kusa da haka, fiye da kashi biyu cikin uku suna zaman kansu, amma 19 cikin 100 kaɗai suka haihu. Wannan a ƙasa ce mai wadata, mai kula da naƙasassu, saboda haka kada a yi wa kowa romon baka, hanyar akwai wuya. Sai dai kuma wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Turai, aka buga a 2007, ya tambayi yaran da kansu, masu shekara 8 zuwa 12 waɗanda suke iya ba da amsa, yadda suke jin rayuwarsu. Amsarsu ba ta bambanta da ta sauran yara ba, sai fa waɗanda ciwo ya dama. Watau baƙin cikin da muke hangowa a kansu, sau da yawa namu ne, ba nasu ba.

Ga misalai na zahiri. Kiristi Birawun, mutumin Dablin ta ƙasar Ailan, an haife shi a 1932, ba ya iya sarrafa kome a jikinsa yadda ya kamata sai ƙafarsa ta hagu. An gaya wa uwarsa ba shi da hankali, ta ƙi yarda. Yana ɗan shekara biyar ya ɗauki alli da yatsun ƙafa, daga nan ya zama marubuci kuma mai zane, littafin tarihin rayuwarsa ya fito a 1954. Ya rasu a 1981 yana da shekara 49, sakamakon shaƙewa da abinci. Farida Bedwei an haife ta a Legas a 1979, ta girma a Gana, uwarta ta koyar da ita a gida kafin ta shiga makaranta, ta zama gwanar tsara manhajar kwamfuta, har ta shiga cikin kafa kamfanin da yake yi wa ƙananan bankuna aiki. Nujin Mustafa, Bakurɗiya daga Siriya, ta koyi Turanci ta kallon talabijin a ɗaki, a 2015 'yar'uwarta ta tura ta a keke suka yi gudun hijira har Jamus, a 2019 kuma ta yi jawabi a gaban Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ba muna cewa kowane yaro zai zama haka ba. Abin lura shi ne, a bayan kowane ɗayansu akwai wata uwa ko 'yar'uwa da ta ƙi ɗaukarsa a matsayin kaya. Kuma yaron da ba zai taɓa riƙe alli ba, shi ma yana sanin muryar uwarsa, yana jin daɗi yana jin zafi, darajarsa ba ta ragu ba.

A Nijeriya an sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a watan Janairu na 2019, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Dokar ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare, ta nemi a ba su 5 cikin 100 na guraben aikin hukumomin gwamnati, ta kuma hana a yi amfani da naƙasasshe wajen bara. Wannan na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai. Yaron da aka ɗora a baro ana yawo da shi cikin rana don a sami sadaka, an cinye ƙuruciyarsa, an kuma rufe masa ƙofar allo da ta boko gaba ɗaya.

MATSAYINSA A SHARI'A

Malamai sun haɗu a kan cewa abin da yake ɗora wa mutum hukunci shi ne balaga da hankali, ba ƙarfin gaɓoɓi ba. Saboda haka mai wannan lalura in ya balaga da hankalinsa, salla ta hau kansa, ya yi ta a zaune in ba ya iya tsayuwa, ko a kwance, ko da nuni. In ba ya iya alwala wani ya yi masa, in babu hali ya yi taimama. Wanda fitsari yake zubo masa mafi yawan lokaci, a mazhabar Imamu Malik wannan ba ya warware masa alwala. Ashe ke nan wajibi ne a koya masa karatu da hukuncin ibada tun yana yaro, kuma wajibi ne masallatanmu su sami hanyar da keke zai bi. Wanda kuwa lalurar ta taɓa hankalinsa ƙwarai, babu hukunci a kansa, sai haƙƙi da yake da shi a kanmu.

Rashin fitar magana ba ya zubar da ikon mutum a kan al'amuransa, domin malaman fiƙihu sun karɓi rubutu da nunin da ake ganewa wajen ciniki da aure. Gadonsa cikakke ne, naƙasa ba ta cikin abubuwan da suke hana gado. In yana da hankali da iya tattali a miƙa masa kasonsa, in babu, waliyyi ya riƙe masa amana, ya ciyar da shi daga ciki. Cewar da wasu 'yan'uwa kan yi, wai me zai yi da gona, su raba abinsa a tsakaninsu, wannan cin dukiyar mai rauni ne.

Aure kuma halal ne gare shi, namiji ko mace. Gurguntaka ba ta cikin aibobin da suke ba da zaɓin warware aure a mazhabarmu, sai in an sharɗanta lafiya tun farko. Amma a faɗi gaskiya kafin a ɗaura, musamman in akwai farfaɗiya. Galibi lalurar ba ta bin jini zuwa 'ya'ya, kuma mata masu ita suna ɗaukar ciki su haihu, sai dai su lizimci awo. Tarihinmu ma ya ishe mu darasi. Aɗa'u ɗan Abu Rabah, wanda ya rasu wajen shekara ta 114 bayan hijira, masu tarihi sun siffanta shi da gurguntaka da shanyewar hannu, daga baya ya makance, duk da haka shi ne mai ba da fatawa a Makka a zamaninsa. Ba mu ce lalurarsa ita ce wannan ba, abin nufi shi ne magabata ba su auna mutum da gaɓoɓinsa ba.

WA ZAI RIƘE SHI BAYANKU?

Yanzu ga inda maganar take. A mazhabar Malik, ciyar da ɗa namiji yana sauka daga kan uba in ɗan ya balaga, amma in ya balaga da naƙasar da ta hana shi nema, ciyarwar tana nan a kan uban. Risala ta Ibn Abi Zaid ta yi nuni da haka. Saboda haka uban da ya saki uwar yaro don ta haifi naƙasasshe, ya tura ta gidansu da shi ya manta, bashi ne yake tarawa a wuyansa. Sai dai a wannan mazhaba ɗin dai, alƙali ba ya tilasta wa ɗan'uwa ciyar da ɗan'uwansa, ko da yake Hanafawa da Hambalawa sun faɗaɗa wajibcin zuwa ga dangi. Ma'anar wannan ita ce, ranar da uba ya faɗi, abin da ya rage wa yaron nan shi ne kasonsa na gado da tausayin 'yan'uwa. Tausayi kuwa yakan yi sanyi in kowa ya yi iyali.

To, mene ne abin yi? Wasiyya ba ta tabbata ga magaji sai da yardar sauran magada, saboda haka kada a dogara da ita. Amma uba yana iya yi wa ɗan nan kyauta ko hubusi tun yana da rai da lafiya, kamar ɗakin zama, ko shagon haya, ko gona, wadda amfaninta zai riƙa zuwa gare shi. Asali dai an umurci uba ya daidaita tsakanin 'ya'yansa wajen kyauta, amma Ibn Ƙudama a cikin Al-Mugni ya kawo halaccin fifita wani saboda bukata irin ta doguwar rashin lafiya ko makanta. A yi abin a gaban shaidu, a rubuta, a cika sharuɗɗan mallakawa a gaban alƙali, a kuma sanar da sauran 'ya'ya dalili don kada a bar gaba. In yaron ba zai iya riƙe dukiya ba, uba ya naɗa wasiyyi amintacce tun yanzu.

Bayan dukiya sai hannu. Kada uwa ta zama ita kaɗai ta san yadda ake ba shi abinci, da sunan maganinsa, da ma'anar nuninsa. A koya wa yayye da ƙanne, maza da mata, tun suna ƙanana, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma bayan uwa yana gajiya da ɗaukar saurayi. Duk abin da yaron zai iya yi wa kansa, ko da zai ɗauki sa'a guda yana sa riga, a bar shi ya yi. In yana da basira a nema masa sana'ar zaune, tsaron shago, ko lissafi, ko aikin waya da kwamfuta, ko karantarwa.

Sauran nauyin kuwa na jama'a ne. Masu tarihi sun ambata cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga shekara ta 86 zuwa ta 96 bayan hijira, ya yanka wa naƙasassu abin masarufi, ya sa wa gurgu mai hidima, makaho kuma ɗan jagora. Kwamitocin zakka da na masallatai su san gidajen da irin waɗannan bayin Allah suke a unguwanninsu, domin yawancinsu suna ƙuryar ɗaki, ba sa fitowa roƙo. Keke ɗaya, ko kuɗin maganin farfaɗiya na wata wata, ko kuɗin motar zuwa gashi, yana iya canza rayuwar gida guda. Malaman allo da na Islamiyya kuma su buɗe musu ƙofa, su hana yara yi musu dariya.

A nan za mu dakata. Allah Ya ba iyayen waɗannan yara haƙuri da lada, Ya ba su ikon yin tanadi tun da sauran lokaci, Ya sa mu zama masu tsare haƙƙin raunana a cikinmu.